Baba, Barewa Ta Sauka Daga Kan Turame

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifina, Malam Umaru mai faci na bakin tashar Wurno.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da durƙusawa har ƙasa kamar yadda ka saba gani na yi da safe, ina roƙon Allah shi sa wasiƙar ga ta iske ka cikin rahama da yalwar makwanci. Mutanen gida duk lafiya. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwar nan da ka sani. 'Yar'uwata Saratu ta koma Sakkwato wurin karatun jinya. Ni kuma ina shagonka, bisa bencinka. Har yau in direba ya tsaya sai ya leƙa bayana tukuna, kamar kai zai gani, sannan ya tuna ya yi mani gaisuwa.

Ka san hannuna ya fi sabawa da ƙarfen cire taya bisa ga alƙalami, don haka ka yi haƙuri da rubutun. Saratu ta ce in na gama za ta ɗora shi inda mutane ke karatu a waya. Na ce ta ɗora. Amma ni da kai nake magana.

Labarin Barewa na kawo maka.

Saboda masu leƙo mu, bari in faɗi abin da ka fi kowa sani. Barewa mota ce ƙarama, irin ta tsere ta zamanin da, kujera biyu rak, doguwar gaba, ba rufi sai tamfol da ake naɗewa baya. Kore ce mai duhu kamar ganyen albasa da ya ƙoshi da ruwa. Wani Bature injiniya da ya yi aikin hanyoyin ruwa a fadamarmu ya bar maka ita ranar da zai koma ƙasarsu, kana saurayi. Ƙafafunta ba irin rim ɗin motocin yanzu ba ne. Na waya ne kamar na keke, dogaye, sirara. Su ka duba ka sa mata suna.

Ni ban taɓa ganin ta a ƙasa ba. Na buɗe ido na iske ta ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, bisa tsofaffin turame huɗu da ka kife, ƙafafunta na lilo a iska. Tayoyinta sun mutu tun ba a haife ni ba.

Amma injinta ba ka bari ya mutu ba. Duk Juma'a da hantsi sai ka ɗauko batir daga shago, ka zuba mata ɗan fetur, ka tashe ta. Kaji su watse, mu kuma mu yi ta faɗa kan wanda zai zauna kusa da kai. Ka sa giya, ƙafafun baya su yi ta juyawa ba su taɓa komi ba. Inna ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu ta ce, "Malam, yau kuma ina kunka nuhwa? In kun kai ku gaishe min da su." Kai kuma ka danna oda sau biyu ka ce ta matsa kada a take ta.

Mutane da yawa sun ce ka cusa mata kowace taya ka huta. Amsarka guda ce kullum: "Motag ga ba ta yi min laihi ba, ba ni sa mata takalmin wani." A jikin tsohuwar sifiyarta, wato tayar ajiya, akwai lamba, 5.60-15. Duk direban da zai yi nisa sai ka rubuta mishi ita a bayan kwalin ashana. Na Kano, na Legas, na Ƙonni, duk sunka dawo da magana guda, wai an daina yin irinta.

Bayan sadakarka ta arba'in, Baffa Garba ya tara mu don rabon abin da ka bari. Komi ya tafi lafiya lau har anka iso ga Barewa.

Yaya Lawali ya ce abin da ba ya tafiya ba mota ba ne, ƙarfe ne. Ya ce a sayar ma 'yan gwangwan, rumfar ta zama wurin ajiyar albasa, shi kuma ya haɗa da abin da ya samu ya sayi injin ban-ruwa nashi na kanshi, ya daina jiran na haya har shuka ta yi yaushi. Baba, ban ga laifinshi ba. Kai ma ka san wahalar da yake sha a fadama. Har 'yan gwangwan ɗin sun riga sun zo sun zagaya ta, suna ƙwanƙwasa mata jiki kamar mahauta sun ga sa a kara.

Ni dai na ce mota ce, taya kawai ta rasa.

Baffa ya daɗe shina shafa gemu, sannan ya ce, "To ku ji. In mota ta, ta hita da ƙahwatta. Daga yau har ranad da anka gama cire albasar hwadama, in ta taka ƙasa tah hita bakin hanya, ba turi ba ja, ta zauna gidanga hannunka, Almu. In ba ta hita ba, ƙarhe na, a kira masu sikeli." Kowa ya ce ya yarda. Lokacin ko dashen albasa ba a yi ba, sai na ga kamar an ba ni shekara.

Ka san Yaya, ba shi iya ganin ana aiki ya naɗe hannu, ko da aikin na kayar da shi ne. Washegari sai ga shi da wani rim mai ƙyalli da ya aro a gareji, ya ce a cire waɗannan na keken a sa na zamani. Na nuna mishi cewa ƙafar Barewa ba ta da noti huɗu ko biyar irin na sauran motoci. Guda ne babba a tsakiya, mai kunne biyu, da bugu ake kwance shi. Bai yarda ba sai ya gani da idonshi. Ya ɗauki guntun taɓaryar nan da kake bugun ta da shi don kada kunnen ya lotse, ya kwance na hagu tsaf. Ya zagayo na dama ya yi ta bugu yadda ya bugi na farko. Ya yi gumi sharkaf, noti sai ƙara kamawa yake.

Na bar shi ya ɗan sha, Allah shi gafarta mani, sannan na faɗa mishi abin da ka koya mani: kowane gefe kake, in za ka kwance ka bugi kunnen sama ya yi gaban mota, in za ka ɗaure ka buge shi ya yi baya. Ya jefar da taɓaryar ya ce, "Wanga Bature da gangan yay yi, don shi wahal da ɗiyan Musulmi."

Ya mayar da rim ɗin mutane. Bayan kwana kaɗan ya dawo da tayoyi 'yan Kwatano bisa babur, manya, masu faɗi, zanensu bai ko goge ba. Ya buga guda da tafin hannu ya ce, "Duba nan. Sha biyat ta, taka ma sha biyat ta. Mi kaka so kuma?"

Gaskiya haka duk muke aiki a bakin tasha. Lambar ƙarshe muke dubawa, in ta yi daidai da rim sai sabulu da ƙarfi. Kuma kowa a garin ga ya yarda taya mai faɗi ita ce ta manya, siririya ta marasa hali ce. Don girman Yaya na ɗaura guda. Da ƙyar ta shiga. Da na ba ta iska sai rim ɗin ya matse mata baki, cikinta ya kumburo ta ko'ina kamar kwaɗon da ya yi fushi, tsakiyarta ta yi tudu, gefe da gefe sunka ɗage. Munka sa ta gaba, na murɗa sitiyari, sai ta kama goga madigadi tana kuka kamar akuyar da ta maƙale a danga.

Yaya ya ce, "A kira mai walda shi ɗan yanke wurin." Na ce, "Yaya, in mu munka hwara yanka ta, mi za mu rage ma masu sikeli?" Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kwashe tayoyinshi.

Wani direban Achida kuma ya kawo mani wata, ita ba ta da faɗi sosai amma gajera ce, gefenta kamar an danne. Ita ma sha biyar. Nan na tuna yadda kake auna takin taya. Na yi mata alama da gawayi, na gara ta cikin rairayi har alamar ta zagayo ƙasa, na ja layi. Na gara tsohuwar sifiyar Barewa kusa da ita. Takin sifiyar ya wuce nata da kusan taƙi guda. Da na sa ta, da cikin Barewa ya yi kusa da ƙasa, ramin farko na hanyar Goronyo shi zai cire mata salansa, agogon gudunta kuma ya riƙa faɗin abin da ba ta yi ba. Na yi mishi godiya na mayar.

Daga nan na daina tambaya da lamba. Na samu igiyar kaba na zagaya sifiyar da ita, na yanke daidai inda bakin biyu sunka haɗu. Sifiyar ta tsattsage kamar ƙasar fadama da bazara, amma tunda ba ta taɓa taka hanya ba, girmanta na nan. Na kuma yanke karan dawa daidai faɗin rim, daga leɓe zuwa leɓe. Igiya a aljihun dama, kara a na hagu. Duk inda na ga taya sai na durƙusa.

Baba, ashe taya ba ta mutuwa a ƙasar ga, aiki take sakewa. Na auna wadda anka danne kwanon rufi da ita. Na auna ta bakin rijiya a Sisawa, mata na jira da gugansu suna tambayar ko rijiyar ce za a saya. Na auna waɗanda masunta sunka rataya a gefen jirgi a Goronyo, da wadda anka tsaga biyu jakai na shan ruwa a ciki. Masu yanka takalmi sun gaji da ni, in sun hango ni sai su ce, "Ga Almu mai igiya nan, ku ɓoye kayanku."

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci na ga wata tsohuwar mota ta baƙi, na durƙusa na zagaya ƙafarta da igiya. Sai na ji an cafke mani wuyan riga. Wani Alhaji ne, idonshi ya yi ja, shina cewa, "Kai! Mi kaka ɗaure ma motata? Wa ya aiko ka?" Ya ɗauka asiri nake mata. Sai da ladan ya fito ya ce ɗan Umaru mai faci ne, ba shi da asiri sai na taya. Duk da haka Alhajin bai shiga motar ba sai da ya tofa addu'a a ƙafafun huɗu.

Ana cikin haka na ce bari in gyara ƙafafun kansu, kada taya ta samu su ba su shirya ba. Wasu wayoyin sun saki, wasu sun yi tsatsa. Anka kwatanta mani wani tsoho mai gyaran keke a Rabah. Na riƙa ɗaura ƙafafun bibbiyu bayan babur, in tafi ranar kasuwa da hanya ke da mutane, in juyo tun la'asar ba ta yi sanyi ba. Ka san yadda wajen ya zama da 'yan fashi. Inna ba ta zama sai ta ji ƙarar babur ɗina a ƙofa.

Da tsohon ya ga ƙafar farko sai ya ce, "Subhanallahi, wagga keken wane ƙato ta?" Na ce ta mota ce. Ya ɗora ta bisa sanda, ya ɗauki ƙaramar sifana ya riƙa taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kunnenshi a kusa. Mai lafiya ta yi ƙara siririya, wadda ta saki ta yi bif. Bai duba da ido ba ko sau guda.

Can ya tsaya ya dube ni ya ce, "Tsaya. Koriya ta? Marar ruhin sama?" Na ce ita ce. Ya ce ya taɓa ganin ta. Wai wata rana da sallah ta ratsa Rabah, wani siririn saurayi na tuƙi, hularshi a cinya don kada iska ta ɗauke, shina dariya shi kaɗai. Yara sunka bi ta da gudu har bayan gari.

Baba, ni ban san ka da siranta ba, ban kuma san ka da dariya kai kaɗai ba. Duk hanyar dawowa wannan saurayin nake gani gabana.

Albasa kuwa ba ta jira ni ba. Duk maraice in Yaya ya dawo fadama sai ya tsaya bakin rumfa ya ba ni labari kamar mai kawo albishir. "Almu, ta hwara kai." Bayan wani lokaci, "Almu, ta kai ƙwan zabo." Ranar da ya ce, "Almu, ganye ya hwara kwanciya," tuwon dare bai wuce mani ba.

A kasuwar Goronyo Allah ya kawo sauƙi. Ban ga tayar da farko ba, sawunta na gani. Tsakanin sawun babura da na manyan motoci, ga wani siriri cikin rairayi, guda biyu jere, da sawun kofato a tsakiya. Na bi shi. Ya ratsa 'yan tumatir, ya bi bayan masu kifi, ya kai ni gindin wata bishiyar bedi inda anka kwance shanu biyu. Amalanke ne, an sauke buhunan gero.

Na durƙusa na zagaya igiya. Bakin biyu sunka haɗu, sai ɗan abin da ya hau kai, kamar kaurin yatsa, shi ma don zanen tayar ya cinye ne. Na kara karan dawa, ya zauna.

Mai amalanken, wani dattijo daga Giyawa da ake kira Malam Dikko, shina zaune shina cin goro shina kallona tun ɗazu. Ya ce, "Samari, shanun kaka so ko amalanken? In shanun na, ba nan aka duba su ba." Na ba shi labari tun daga turame har hukuncin Baffa. Ya ce ƙafafun amalankenshi na irin tsofaffin motocin nan ne masu kamar kunkuru, masu inji a baya, kuma tayar ba ta fi 'yan shekaru da saye ba. Ya zubo mani ruwan butarshi na wanke gefen tayar. Lamba ta fito: 165/80 R15. Na ɗauke ta hoto. Ya ce in ta tashi in kawo ta Giyawa shanunshi su ga 'yar'uwarsu.

Na tura ma Saratu. Ita dama ta sha bincika mani tsohuwar lambar a waya, amsoshi na zo mata iri-iri, ba mu san wadda za mu kama ba. Da ta samu wagga sai ta kira ni tana ihu. Ta ce ta farko faɗin taya ce da milimita, ta tsakiya tsawon gefenta ne in an gwada shi da faɗin, ta ƙarshe kuma girman rim. Taka ta da, da inci ta auna faɗin. Kusan abu guda suke faɗi.

Ashe ba a daina yin ta ba, Baba. Awon ne anka sake. Shekara da shekaru kana aike da kwalin ashana, ita kuwa tana nan tana ɗaukar gero tsakanin Giyawa da Goronyo. Na zauna gindin bedin nan na yi dariya, sannan na yi abin da ba dariya ba. Malam Dikko ya miƙo mani goro.

Saratu ta samu wani mai sayar da taya a Sakkwato da ya ce zai sa a kawo sababbi daga Legas, amma sai an yi haƙuri. Tunkiyata da 'ya'yanta sunka tafi kasuwar Achida don kuɗin tayoyin. Ni kuma na koma jira. Duk motar da ta shigo tasha, bisa rufinta nake fara dubawa.

Anka fara cire albasa, ba taya. Anka gama fage na farko, anka shiga na biyu. Yaya ya daina tsokanata, wannan ya fi tsokanar tsorata ni. Ya dai faɗa ma 'yan gwangwan ranar da za su zo, tunda haka anka yi da shi.

Ranar da za a kwashe fagen ƙarshe, da hantsi, sai ga wata bas ta shigo da su ɗaure bisa kaya, baƙaƙe wuluk, sirara, suna ƙamshin sabon roba. Na aika ma Baffa. Ya ce rana ba ta ƙare ba sai buhun ƙarshe ya shigo gida.

Ban yi gaggawa ba, don na san kana ƙin ta. Na yanka tsohon tub na yi ma kowane rim ɗamara, ta rufe kawunan wayoyin kada su huda. Na sa tub a ciki, tunda ƙafar waya ba ta riƙe iska da kanta. Na barbaɗa hoda, na naɗe bakin ƙarfe da tsumma. Ban ko yi ƙarfi ba, tayar ta faɗa wurinta kamar dama can tana jira. Da ta sha iska gefenta ya miƙe sak, fuskarta ta kwanta shimfiɗe. Na ɗaura, na bugi kunnuwan sunka yi baya. Na murɗa sitiyari har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama. Shiru. Na zura hannu tsakanin taya da madigadi, ya wuce.

Sannan na sa jak na zare turamen ɗaya bayan ɗaya. Inna na tsaye ta ce a kai mata su madafa. "Aro yac ce min ran da yad ɗauke su." Gara ta cinye biyu, amma ta ce ko hakanan tana son abinta.

Da la'asar gida ya cika. Baffa na bisa kujera da carbinshi. 'Yan gwangwan sun iso, motarsu na waje da sikeli. Na yi bisimilla na tashe ta. Na taka kuloci, na sa giya, na saki a hankali.

Ta tafi, Baba. Ta fito daga rumfa, rana ta haska mata baya, mata sunka ɗauki guɗa. Ta wuce rijiya, ta wuce turken awaki, ta nufi ƙofa.

Nan na taka birki.

Ka tuna shekarar da ruwa ya kayar da katangar gaba, ka sake gina ta da hannunka? Ka bar ƙofa daidai jaki da mangala, daidai babur. Barewa na ciki bisa turamenta lokacin, ba wanda ya tuna da ita, har kai. Mu kuma kullum ta ƙofar nan muke shiga muna fita, ba wanda ya taɓa duban ta ya dubi motar. Hancinta ya shiga, kafaɗunta sunka tsaya.

Sai Baffa ya fashe da dariya har hularshi ta faɗi. Da ya share hawaye ya ce, "Umaru, Umaru, Allah shi jiƙan ka." Sannan ya gyara zama ya ce, "Amma sharaɗi na nan. Bakin hanya nic ce. Katanga kuwa ta gida ta, ba ni cewa a taɓa ta. Babban gidanga ad da magana."

Babban gida kuwa Yaya Lawali ne. Ya iso kenan da buhun ƙarshe a ka, ƙafafunshi duk laka, ya tarar da mota ta toshe mishi hanya daga ciki. Sai da ya aje buhun waje ya raɓo ta gefe. Ya dubi ƙofa, ya dubi mota, ya dube ni. Ya ce, "Ka auna tayoyin duniya dut, ba ka auna ƙohwar gidanku ba."

Na kashe inji. Ban roƙe shi ba. Ba sai ya yi komi ba, Baba, shiru kawai zai yi, masu sikeli su shigo, gobe ya tafi ya ɗauko injin ban-ruwanshi. Kuma ba wanda zai ce ya yi zalunci.

Ya shige ɗakinshi. Na sunkuyar da kai bisa sitiyari. Da na ɗago sai na gan shi da diga a kafaɗa.

Inna ta ce, "Lawali, ginin babanku na." Ya ce, "Inna, motar ma tashi ta. Gini ina iya maida shi. Wagga in an yanke ta, ba mai maida ta." Ya ce in ja baya kada tubali ya faɗo mata. Ya tofa yawu a tafi, ya ɗaga diga.

Ka yi gini mai ƙarfi, wannan kam mun shaida. Sai da maƙwabta sunka kawo tasu. Har 'yan gwangwan, da sunka ga ciniki ya tashi, sunka tuɓe riga sunka kama kwashe ƙasa, babbansu na cewa shi dai yau sai ya ga ƙarshen abin ga.

Ta fita da ƙafarta. Ba turi, ba ja. Tayoyin gaba sunka hau kwalta, na baya sunka biyo. Baffa ya ɗaga carbi ya ce, "Mota ta. Na shaida."

Na miƙa hannu na buɗe ɗaya ƙofar. Yaya ya tsaya shina haki, fari fat da ƙasar katanga, ya ce zai ɓata kujera. Na ce ya shigo. Ya shigo, gwiwoyinshi har haɓa. Ya ce, "Wagga ko buhu guda na albasa ba ta ɗauka. Mi amfaninta?" Na sa giya ta biyu. Sitiyarin kamar ba a riƙe komi ba, ɗan taɓi kaɗan sai ta bi. Kafin mu kai bakin fadama Yaya na buga gefen ƙofa da tafin hannu shina cewa, "Ƙara mata! Almu, ƙara mata!" Da na waiga, ƙasar fuskarshi ta yi layi biyu daga ido zuwa gemu. Ya ce iska ce. Na ce na sani.

To Baba, ga abin da ya sa na zauna rubutu. Mun fasa maka katanga. Yanzu zana ce a wurin, awakin maƙwabta na shigowa yadda sunka ga dama, Inna na ta faɗa. Yaya ya fara buga tubali, ya ce kafin ruwa ya sauka zai tashe ta da ƙofa mai faɗi, ni ke kwaɓa mishi ƙasa. Injin ban-ruwa bai samu ba bana, da na haya zai sake shiga fadama. Bai taɓa tayar da zancen ba. Ni ma ban tayar ba, amma ban manta ba, kuma ba zan manta ba.

Ka yafe muna ginin. Na san da kana nan da kai za ka fara ɗaukar digar, ka bar mu muna kallo.

Allah shi jiƙan ka, Baba. Allah shi gafarta maka, shi haskaka kabarinka, shi buɗe maka ƙofar Aljanna. Allah shi ƙara ma Inna lafiya, shi ba Saratu sa'ar karatu. Allah shi saka ma Yaya Lawali da abin da ya fi wanda ya bari, shi sa albarka a fadamarshi, shi bar mu tare da shi kamar yadda ka bar mu. Amin.

Ni ne ɗanka mai kewarka,
Almu.